Sulhun iyaye ba ya soke takardar kotu a Amurka

Ana yawan faɗa wa ma'auratan da suka rabu a Amurka cewa in sun shirya, suka koma gida ɗaya har shekara bakwai, aure ya ɗauru da kansa. Wannan ba gaskiya ba ne. Babu jihar da ƙirgen shekaru kaɗai yake mayar da zaman tare aure.

Abin da yake gaskiya shi ne wasu jihohi ƙalilan, irin su Texas, Colorado, Iowa da Kansas, suna amincewa da auren da ba a yi masa rajista ba. A Texas sai abu uku sun haɗu: su biyun sun yarda cewa su miji da mata ne, suna zaune tare a jihar, kuma suna gabatar da kansu ga jama'a a haka. New York ta soke irin wannan aure tun 1933, Alabama kuma a 2017. Inda ya tabbata, cikakken aure ne, ba ya mutuwa sai a gaban alƙali.

Inda na fi jin tsoro shi ne batun yara. Mu da muka saba da kome muna ɗauka cewa da zarar an sasanta komai ya dawo daidai. Amma takardar da kotu ta bayar kan wanda zai riƙe yaro da kuɗin ciyarwa tana nan da ranta, ko iyayen suna cin tuwo a kwano ɗaya. Uban da ya daina biya don ya dawo gida, bashi na iya taruwa a kansa bai sani ba, kuma dokar tarayya ta 1986 ta hana alƙali rage bashin da ya riga ya hau. In zaman ya sake lalacewa, tsohuwar takardar nan za a ɗauko, yaro ya tsinci kansa a tsarin da aka yi masa tun yana goye.

A dokar Texas, in iyayen suka sake aurar juna, umarnin riƙo da na ciyarwa yakan faɗi, sai dai in kotu ta damƙa yaron ga wani daban. Ko nan ma tsohon bashi bai goge ba, kuma tabbatar da auren da ba shi da takarda aiki ne na shaidu da hujjoji. Don haka wanda ya shirya da uwar 'ya'yansa ya koma kotun da ta yanke hukuncin, ya nemi a gyara shi a rubuce.