Iyakar Tsawon Saƙo a Kundin Na'urori: Abin da Ya Kamata 'Yan Kasuwa Su Sani

GOMBE: Masu sana'ar cire kuɗi da turawa ta na'urar POS a unguwar Arawa da sauran sassan garin Gombe sun san irin taƙaddamar da kan taso idan aka zare kuɗi daga asusun abokin ciniki, amma na'ura ta nuna cewa ciniki bai faɗa ba. Wannan sana'a ta ƙara bunƙasa tun lokacin ƙarancin takardun Naira na farkon shekarar 2023. A irin wannan hali, daga cikin abubuwan da banki kan koma wa domin raba gardama akwai kundin da na'urorinsa ke rubuta duk abin da ya wakana da lokacin da ya wakana. Ingancin kundin kuwa ya rataya ne a kan wata ƙa'ida da ba kasafai ake jin labarinta ba, watau iyakar tsawon kowane saƙo da na'ura za ta aika.

Tsarin da ya fi yaɗuwa wajen tattara irin waɗannan saƙonni shi ne wanda ake kira syslog, wanda wani masani mai suna Eric Allman ya ƙirƙiro a Amurka cikin shekarun 1980. An daɗe ana amfani da shi ba tare da rubutacciyar ƙa'ida ba, sai a shekarar 2001 ƙungiyar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da takarda mai lamba RFC 3164, wadda ta ce kada saƙo ya wuce bayit 1,024. Shi bayit ma'auni ne na yawan rubutu a cikin kwamfuta, kuma bayit guda yakan ɗauki harafin boko guda.

Da tafiya ta yi nisa, sai ta bayyana cewa wannan mudu ya yi wa wasu saƙonni kaɗan. Don haka a watan Maris na 2009 aka fitar da sabuwar ƙa'ida mai lamba RFC 5424. Maimakon ta ƙayyade wa mai aikawa iyaka, sai ta ɗora nauyin a kan na'ura mai karɓa: wajibi ne ta karɓi saƙo mai bayit 480, an so ta karɓi mai 2,048, kana an yarda ta karɓi wanda ya zarce haka idan tana da hali.

Adadin 480 yana da dalilinsa. Tsohon tsarin intanet na IPv4 ya wajabta wa kowace na'ura karɓar ƙunshin bayani mai bayit 576, to idan aka ware wurin adireshi da sauran bayanan jagora, abin da aka bar wa saƙo ke nan. A sabon tsari na IPv6, inda mafi ƙarancin ƙunshi yake bayit 1,280, an tsayar da 1,180. Saƙon da ya fi ƙarfin hanya sai an daddatsa shi, tamkar dillalin hatsi da ya kasa kayansa a motoci da yawa. Bambancin shi ne, a hanyar aikawa ta UDP babu mai shaida isowar kaya, kuma idan yanki ɗaya ya salwanta, saƙon gaba ɗaya ya salwanta. Saboda haka ne aka tanadi wata hanya mai sirri da tabbaci ta TLS, inda aka wajabta karɓar bayit 2,048, aka kuma so a kai 8,192.

Abin da ya fi shafar ɗan kasuwa shi ne makomar saƙon da ya wuce iyaka. Ƙa'idar 2009 ta ce na'ura mai karɓa ta guntule shi daga ƙarshe, ko kuma ta yar da shi. Ke nan idan lambar ciniki ko dalilin gazawarsa na can a wutsiyar saƙo, shaidar ta tafi, alhali kundin yana nan kamar babu abin da ya same shi. Shi ya sa ƙa'idar ta ba da shawarar a sanya muhimman bayanai a farko.

Har wa yau, akwai abin da ya shafi masu rubutu da Hausa. A tsarin haruffa na UTF-8, kowane harafi mai lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, bayit biyu yake ci, haka ma yawancin haruffan ajami. Masu aika saƙon tes na talla sun san makamancin wannan: saƙo guda yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ƙ ɗaya ta shiga sai ya koma 70, kuɗin aikawa kuma ya ƙaru.

Ta fuskar doka kuwa, Dokar Laifuffukan Intanet ta Nijeriya ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa adana bayanan zirga-zirgar saƙonni har shekaru biyu. Bugu da ƙari, ƙa'idar PCI DSS ta masu hada-hadar katin banki ta buƙaci a ajiye kundin bincike na aƙalla watanni 12. Sai dai ajiye guntulallen saƙo na shekara biyu ba ya mayar da abin da aka yanke.

Saboda haka, ya kamata duk ɗan kasuwar da zai sayi na'urorin sadarwa ko ya ba da kwangilar haɗa su, ko otal ne ko asibiti ko ƙaramin banki, ya nemi a rubuta masa abu uku a cikin yarjejeniya: wace ƙa'ida na'urorin ke bi, ta 2001 ko ta 2009, bayit nawa mai karɓa ke ɗauka, kuma me take yi da saƙon da ya zarce. Kafin a biya cikon kuɗin kwangila, sai a aika dogon saƙo na gwaji, a buɗe kundi a duba ko ya iso da ƙarshensa.