Laushin Ƙashi a Ƙasar da Rana Ba Ta Ƙaranci

Sau da yawa akan ga yaro ɗan shekara uku ko huɗu ƙafafunsa sun lanƙwashe kamar baka, ko kuwa gwiwoyinsa suna gugar juna, wato gwame. Iyaye sukan ce gado ne, ko kuma an yi saurin tsayar da shi. Amma a wurin yara da dama, wannan alama ce ta laushin ƙashi, cutar da ke hana ƙashin mai girma yin ƙwari.

Ƙashi yana samun ƙarfinsa daga sinadarin kalsiyam, shi kuwa bitamin D, wanda fata ke samarwa in rana ta taɓa ta, shi ke taimaka wa hanji ya tsotse shi daga abinci. A biranen Ingila na ƙarni na 19, inda hayaƙin masana'antu ya tare rana, rashin bitamin D ne ya gurgunta yara. To, mu da rana ke dukanmu tun safe, yaya aka yi?

Amsar ta fito daga Jos. A 1999 Dakta Thomas Thacher da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi kan yara 123 masu wannan cuta. Kalsiyam ɗin da suke samu a abinci bai wuce kimanin miligiram 200 a rana ba, kuma waɗanda aka bai wa kalsiyam sun fi warkewa bisa waɗanda aka bai wa bitamin D kaɗai. Dalili a bayyane yake: da an yaye yaro sai a ɗora shi kan koko da tuwo, babu madara. Masara da dawa kuma suna ɗauke da sinadarin fayitet, mai riƙe kalsiyam ya hana jiki amfana da shi.

Ba kowace lanƙwasar ƙafa ce cuta ba. 'Yar kaɗan kafin shekara biyu takan miƙe da kanta. Likita yakan duba kumburin wuyan hannu da 'yan ƙulle-ƙulle a haƙarƙari kamar carbi, sannan ya ɗauki hoton wuyan hannu da gwiwa, inda ake ganin bakin ƙashi ya faɗaɗa ya yi zako-zako. Gwajin jini yakan ƙara tabbatarwa.

Malaman makaranta su fi sa ido kan 'yan mata, domin ƙugun da ya karkace tun ƙuruciya kan jawo doguwar naƙuda. Nono, ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙaya, da miyar kuka, duk suna ƙara wa yaro kalsiyam.