Mai kuɗi ya sayi takarda, makiyayi ya biya tara

Wani ɗalibina a Maiwurno ya nuna mini hoto a waya: Bature tsugune kan gawar zaki yana murmushi. "Ustaz, wannan halal ne?"

Sisil ne, zakin da wani likitan haƙori ɗan Amurka ya kashe a Zimbabuwe a 2015. Na ce masa farauta don abinci halal ce, amma kisa don a rataya kai a bango malamai sun ƙi shi.

Da na kai zancen majalisa bayan Isha'i, sai gardama ta kaure. Samari na tsine wa Baturen. Wani dattijo makiyayi ya ce shi zaki bai dame shi ba. Gandun Dindir, da aka killace tun 1935, ba farauta ba kiwo. Rani ya matsa ka kora shanu ciki, a kama su, a ci ka tara. Mai kuɗi kuwa ya sayi takarda, ya hau duwatsun Bahar Maliya ya harbi akuyar dutse don ƙahonta kawai.

Ni ina goyon bayan killace Dindir, raƙuman dawansa ma sun riga sun ƙare. Amma a daren nan ban iya faɗa wa Baba haka ba.