Baiwa, Dama Da Naci: Darasi Daga Rayuwar Muhammadu Al-Katsinawi

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a makarantar allo a ƙasar Karaye ko ta Rogo, ko ya leƙa zauren wani malami a can, da wuya a ce bai taɓa ganin hatimi ba, watau zanen nan mai kusurwa huɗu wanda ake rarraba shi gida-gida a zuba lambobi ko haruffa a ciki. Malamai sun sha bamban game da amfanin da ake yi da shi, wannan kuwa ba shi ne abin dubawa a nan ba. Abin da za a duba shi ne lissafin da ke ƙunshe a cikinsa, da wani Bakatsine da ya shahara a kansa tun ƙarni na 18, da kuma tambayar da rayuwarsa ta tayar: shin me ke sa mutum ya yi fice a irin wannan fanni? Baiwa ce, ko dama, ko kuwa naci?

Hatimi Da Aikin Kwamfuta

Hatimi mafi ƙanƙanta yana da gida tara, uku a tsaye uku a kwance. Ana zuba lambobi daga 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimlar 15. Mai haƙuri yana iya dacewa da wannan ta hanyar gwaji. To, amma idan gidajen suka kai 25, inda ake neman jimlar 65, ko 49, inda ake neman 175, gwaji ba ya fisshe shi, sai ƙa'ida.

Ga wata sananniyar ƙa'ida da masana lissafi ke koyarwa. A sa 1 a gidan tsakiya na layin sama. Kowace lamba mai biyowa a sa ta gida ɗaya sama, gida ɗaya dama. In an fita ta sama a shigo ta ƙasa, in an fita ta dama a shigo ta hagu. In kuwa an iske gidan da lamba, sai a ajiye sabuwar a ƙarƙashin wadda aka rubuta yanzu. Wanda ya bi wannan zai sami 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa. Ƙa'idar nan ɗaya ita za ta cika masa mai gida 25 da mai 49, ko da bai san dalilin da ya sa take aiki ba.

Wannan shi ne ainihin aikin mai tsara wa kwamfuta umarni: ya shirya matakai bi da bi, ya tanadi abin da za a yi in an ci karo da cikas, har ta kai ga na'urar da ba ta da hankali za ta iya bi ta fitar da amsa. Sanin tsara matakai ya riga na'urar zuwa duniya. Kalmar da Turawa ke kiran irin wannan tsari da ita ma daga sunan Alhawarizmi aka samo ta, masanin lissafin da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9. Haka kuma a 1843 wata Baturiyar Ingila, Ada Lovelace, ta wallafa jerin umarni don wani injin lissafi da ba a taɓa gama ƙerawa ba.

Muhammadu Al-Katsinawi

Cikakken sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi. Ya tashi a lokacin da Katsina take matattarar malamai da fatake, tana cin gajiyar gadon Ɗan Marina da Ɗan Masani. Ya yi karatu wurin Malam Muhammadu Alwali na Bagarmi, ya kuma ɗauki ilimin hisabi da na hatimi wurin Malam Muhammadu Bindu. Wajen shekarar 1730 ya tafi aikin hajji, daga nan ya zauna a Alƙahira, inda ya sauka a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, wanda shi kansa gwani ne a lissafi da ilimin taurari. A farkon shekarun 1730 ya kammala littafinsa Bahjatul Afaƙ, wanda a ciki ya tsara hanyoyin gina hatimi mai adadin mara, watau mai layi uku, ko biyar, ko bakwai, har gaba. Ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar littattafansa a hannun mai masaukinsa. Ɗan mai masaukin, Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya zama babban masanin tarihin Misira, shi ya rubuta labarinsa. A nan gida kuwa, Malam Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazari a kan aikinsa a 1967.

In aka lura, abubuwan nan uku duk sun haɗu a gare shi. Baiwa dai ba a musunta, don ba kowane almajirin Malam Bindu ne ya bar littafi ba. Dama kuwa hawa-hawa ta zo masa: garin ilimi, malamin da ya san fannin, hanyar hajji, sa'an nan gida mai cike da littattafai a Alƙahira. Naci kuma shi ne abin da fannin ba ya yiwuwa sai da shi. Lamba ɗaya in ta kauce, hatimin duka ya ɓaci, sai a wanke allo a koma farko. Kafin mutum ya kai ga tsara ƙa'idar da wasu za su bi, ya wanke allo ba adadi.

Misali Daga Amurka

Labarin Bill Gates, wanda aka haifa a birnin Siyatil a 1955, ya ƙara fito da matsayin dama fili. A 1968 ƙungiyar iyaye mata ta makarantarsa, Lakeside, ta tara kuɗi aka sayi wata na'urar buga rubutu mai haɗe da babbar kwamfuta ta wayar tarho. A wannan zamani ɗaliban jami'a da yawa sai dai su huda kati su miƙa, su jira amsa. Shi kuwa yana da shekara 13 yana bugawa yana ganin sakamako nan take. Abu na farko da ya tsara wani wasa ne mai gida tara, ɗan'uwan dara. Daga baya wani kamfani ya bar shi da abokansa su yi amfani da kwamfutarsa kyauta, su kuma su riƙa tono masa kurakuran da ke cikinta. Ya zuwa 1975, lokacin da shi da Paul Allen suka kafa Microsoft, ya shafe shekara bakwai yana wannan aiki, a zamanin da da yawa daga cikin sa'o'insa ba su ko taɓa ganin na'urar ba.

A 1993 wani masanin halayyar ɗan Adam, Anders Ericsson, da abokan aikinsa suka yi bincike a kan masu koyon goge irin na Turawa a birnin Balin. Suka gano cewa gwanayen cikinsu sun tara wajen awa 10,000 na bita kafin su cika shekara 20. Marubucin nan Malcolm Gladwell ya yaɗa wannan adadi a 2008, har wasu suka ɗauka naci kaɗai ya isa. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa bita wani kaso ne kawai na abin da ke bambanta gwani da na baya. Bugu da ƙari, bitar kanta ba ta samuwa sai da dama. Yaron da ba shi da malami mai gyara masa kuskure, ba shi da kayan aiki, ba shi da lokacin kansa, ina zai tara awa 10,000?

Karaye Da Rogo

Bahaushe ya ce mai nema yana tare da samu, ya kuma ce yau da gobe ba ta bar komai ba. Gaskiya ne, kuma naci ba baƙo ba ne a wannan yanki. Gardin da ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka ya yi bitar shekara da shekaru, yana kiyaye kowane ɗigo da kowane wasali. Yarinyar da ke talla tana ba da canji ba takarda ba alƙalami, da matashin da ke lissafin awon hatsi a kasuwa, duk suna nuna alamar baiwar da ake magana. Abin da ya yi ƙaranci shi ne na tsakiya, watau dama.

A 1992 aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye. Ruwan da take tarawa ya daɗe yana sauka a wurin kafin a gina ta, sai dai wucewa yake yi. Haka baiwar yaran ƙauye take in ba a yi mata tanadi ba. Tanadin kuwa a hannun ma'aikatan ilimi da na ƙananan hukumomi yake. Tura ƙwararren malamin lissafi makarantar ƙauye maimakon a cunkushe su a birni, dama ce. Buɗe ɗakin kwamfuta bayan an tashi daga makaranta, maimakon a kulle shi don tsoron lalacewa, dama ce. Samar masa da wutar hasken rana, da barin 'yan mata da almajirai su shiga, duk dama ce. Kuma kamar yadda hatimi ya nuna, ana iya fara koyar da tsara matakai da allo da tawada tun kafin na'ura ta iso.

Kammalawa

An ga cewa baiwa kyauta ce da ba ta zaɓen gari, naci kuma aikin mai shi ne. Dama ita ce kaɗai al'umma ke iya bayarwa ko ta hana. Al-Katsinawi sai da ya ƙetare hamada kafin ya sami inda aikinsa zai tsaya, har ƙasar Misira ta riƙe kabarinsa da littattafansa. Abin da ya rage ga ɗalibai da ma'aikatan yau shi ne su tabbatar yaron Karaye ko yarinyar Rogo masu irin wannan kai sun sami malami da kayan aiki tun suna gida, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.