Kaza daga Birazil, Sa daga Chadi, Beguwa daga Kurmi: Abubuwan Mamaki kan Naman Libreville

Kurmi ya rufe kusan kashi 88 cikin 100 na ƙasar Gabon, mutanenta kuwa ba su kai miliyan 3 ba, kuma mafi yawansu a birane suke zaune. Ga ruwan sama, ga kore shar ko'ina. Duk wanda ya saba ganin Fulani suna yawo da garke neman ɗan tsiron ciyawa a watan Afrilu zai rantse cewa nan ce aljannar shanu. Amma mafi yawan naman da ake sayarwa a Libreville baƙo ne. Wani ta teku ya zo a daskare, wani ta mota ya zo da ransa.

Wanda ya hana kiwo ɗan ƙaramin ƙwaro ne, tsando. Cizonsa ke kawo sammore, kuma farin sa mai tozo irin namu ba ya jure ta. Shi ya sa da gwamnati ta buɗe manyan gidajen kiwo, irin na lardin Nyanga kusa da Tchibanga a can kudu, sai ta nemo shanun N'Dama, gajeru marasa tozo, 'yan asalin tsaunukan Futa Jalon na ƙasar Gini, waɗanda jininsu ya saba da cutar. Suna rayuwa, suna haihuwa, amma ba su taɓa ƙosar da kasuwa ba.

Saboda haka san da aka yanka yau a Libreville, mai yiwuwa a Chadi ko a Adamawan Kamaru aka haife shi. Wasu ana loda su a jirgin ƙasa daga Ngaoundéré zuwa Yaoundé, daga nan a sa su a mota a yi kudu, a tsallaka iyaka ta wajen Bitam, sannan a kama wata hanyar ta kusan kilomita 600 cikin kurmi kafin a ga teku. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Zariya ya ga tirelar shanu ta nufi Ikko ya san yadda irin wannan tafiya take: ƙaho ɗaure da ƙarfen mota, wani a kwance wani a kansa, ga rana, ga shingen jami'ai, ruwan sha kuwa sai in Allah ya kai su. In an iso, wanda ya kasa tashi a murɗe masa wutsiya. A Tarayyar Turai doka ta ce in an yi awa 14 ana tafiya da shanu a tsaya a ba su ruwa su huta aƙalla awa ɗaya, in aka ƙara wasu 14 a sauke su gaba ɗaya su yi awa 24 a ƙasa. Ba na cewa Turawa sun fi mu tausayi. Su ma sai da aka yi ta faɗa da su kafin su rubuta hakan. Amma dai sun rubuta.

Ragon layya ma hanyar ke nan. Musulmi a Gabon tsiraru ne, wajen kashi 10 cikin 100, amma ranar Babbar Sallah hutu ce a ƙasar baki ɗaya. Tsohon shugaba Albert-Bernard Bongo ya musulunta a 1973 ya koma Omar, shekara guda bayan haka Gabon ta shiga ƙungiyar ƙasashen Musulmi, kuma a 1983 aka sami Masallacin Hassan na Biyu a tsakiyar Libreville. Kuɗin rago a can kuwa, rabinsa ladar hanya ce.

Hausawa ba baƙi ba ne a wannan harka. Fatauci ya kai kakanninsu arewacin ƙasar, Bitam da Oyem, tun zamanin mulkin mallaka, kuma jikokinsu 'yan Gabon ne. A Libreville, fawa da gashi sun fi yawa a hannun Musulmin da suka fito daga Kamaru, Chadi, Nijar, Mali da Nijeriya. Abin da ake kira kupe-kupe a bakin titunan birnin, balangu ne sak: a gasa, a yayyanka, a barbaɗa yaji, a cusa cikin dogon burodin Faransa.

Abincin da Gabon ke tinƙaho da shi shi ne nyembwe, wato kaza a cikin miyar kwakwar manja. Manjan na gida ne. Kazar kuwa sau da yawa a tashar jiragen ruwa ta Owendo ta sauka, cikin kwantena mai sanyi, daga Birazil ko Amurka ko Turai, fikafikai daban, cinyoyi daban. Irin wannan kaza ba ta wuce mako 6 zuwa 7 a duniya. An tsara irinta ta yadda ƙirji zai yi nauyi da sauri, har ƙafafun wasu su kasa ɗaukarsu. A cikin rumfa guda dubbai ne, kuma yawancinsu ba sa taka ƙasar waje tun daga ƙyanƙyasa har yanka. A duniya ana yanka kaji sama da biliyan 70 kowace shekara, ninkin yawan 'yan Adam kusan sau tara. A cikin duk dabbobin da za a ambata a nan, ita ce ta fi kowa yawa, ita ce kuma ba wanda ya taɓa yi wa zanga-zanga a Libreville.

Naman da ya tabbata ɗan ƙasa shi ne na daji. A kasuwannin Mont-Bouët da Oloumi da Nkembo ana ganin beguwa, gada, aladen kurmi ja, ƙaramin kada, birai, wasu ɗanyu wasu an yi musu banda. A ƙauye wannan shi ne naman talaka. A birni ya zama na marmari, na wanda ya sami kuɗi yake kewar girkin kakarsa.

Doka tana nan a rubuce. Dokar gandun daji ta 2001 da ƙa'idojin da suka biyo ta sun hana taɓa giwa, goggon biri, cimfanzi, damisa da dorina, kuma ana rufe farauta daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Maris. Tarkon waya ma haramun ne a dokar. Sai dai waya ta fi harsashi araha, ba ta kuma yin ƙara. Dabbar da ta faɗa ciki tana iya kwana da kwanaki tana fizge-fizge, wayar na cin ƙafarta, kafin maharbi ya zagayo. Wata ya tarar ta mutu, wata ta ruɓe ya bar wa tsutsa. Ga Musulmin da ke kasuwar, maganar ta ƙare tun a nan, don abin da ya mutu a tarko mushe ne.

A farkon 1996, mutanen ƙauyen Mayibout da ke lardin Ogooué-Ivindo suka tsinci mushen cimfanzi a daji, suka kawo gida suka feɗe suka ci. Waɗanda suka yi fiɗar su ne suka fara kwanciya. Ebola ce, ta kashe mutum 21. Shekara 24 bayan haka, da korona ta ɓarke a 2020, gwamnati ta haramta ci da sayar da jemage da ɗan kunya, dabbar nan mai ɓawo a jiki wadda ke dunƙulewa in ta ji tsoro. Dunƙulewar da ke kare ta daga damisa ita ke sa maharbi ya ɗauke ta kamar ya tsinci ƙwarya, ko sanda ba ya buƙata.

Layin dogon da ya haɗa Owendo da Franceville, mai tsawon kusan kilomita 650, don manganis da katako aka yi shi. Da shi da hanyoyin masu yankan katako ne suka kusanto da kurmi mai nisa zuwa tukunyar birni.

Ba kowane nama kowa ke ci ba. A wurin 'yan ƙabilar Fang da maƙwabtansu akwai namun da aka hana mata, akwai na manya kaɗai, akwai kuma dangin da ba sa taɓa wata dabba saboda alaƙarta da kakanninsu. Maguzawanmu ma suna da kan gida, wani damo wani kada wani maciji, ba a kashewa ba a ci. Tun kafin a san ma'aikacin gandun daji, tsoron iyayen gida ya raya dabbobi da dama.

A 2002 Omar Bongo ya ayyana gandayen daji 13 a lokaci guda, kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasar, bayan wani Ba'amurke mai suna Mike Fay ya ratsa kurmin Kwango da Gabon da ƙafa, tafiyar sama da kilomita 3,000. Ƙidayar da aka fitar a 2021 ta ce akwai giwayen kurmi wajen 95,000 a Gabon, fiye da rabin waɗanda suka rage a duniya. Duk da haka gandun Minkébé kaɗai ya yi asarar sama da 25,000 tsakanin 2004 da 2014 a hannun masu neman haure. Manomin ƙauye kuma da nasa ƙorafin: giwa ɗaya tana share gonar rogo da ayaba a dare guda, in ya harbe ta shi ne mai laifi. A 2021 mutanen garin Mékambo sun fito kan titi a kan wannan. Yanzu ana kewaye wasu gonaki da wayar lantarki mai amfani da hasken rana.

Baƙar damisa biyu ce ke riƙe da tambarin ƙasar, kuma sunanta 'yan ƙwallon Gabon suke amsawa. A daji kuwa tana ƙaura daga duk inda maharba suka yi yawa, ko da ba ita suke nema ba, saboda gada da aladen da take ci su ake kaiwa kasuwa. Zaki an ɗauka ya ƙare a ƙasar, sai ga kyamarar da aka ɗana a gandun Batéké ta ɗauko namiji guda a 2015, shi kaɗai, ba mace ba 'ya'ya.

Birai ma suna fawa. A gandun Loango, inda dorina ke shiga igiyar teku, masu bincike sun ga cimfanzi yana kama kunkuru ya buga shi a jikin itace har ƙoƙon ya fashe, ya ci, ya rarraba wa 'yan uwa. Wani babban namiji ya ci rabi, ya saƙale saura a reshe, ya kwana, da safe ya dawo ya ƙarasa. Su dai waɗannan birai an ga suna cafke ƙwaro su matse shi a leɓe su shafa a kan rauni, nasu da na junansu. Wadda aka fara gani uwa ce tana yi wa ɗanta a ƙafa, a 2019. Ga mai ci, ga mai jinya, a jiki guda. A kogunan dutse na Abanda kuma akwai ƙananan kadoji da ke rayuwa cikin duhu suna cin jemagu da gyare, fatarsu ta rine ta koma ruwan lemo saboda kwanciya cikin kashin jemage.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ɗaya daga cikin shahararrun koyarwar Turawa kan haƙƙin dabba a kogin Gabon aka haife ta. Albert Schweitzer, likita kuma malamin addinin Kirista, ya kafa asibiti a Lambaréné a 1913. A watan Satumban 1915 yana cikin jirgin ruwa a kogin Ogooué, suna ratsa garken dorina, sai tunanin da ya yi suna da shi ya faɗo masa: cewa duk mai rai yana son ransa, kuma girmama wannan rai shi ne tushen ɗa'a. Ya sami kyautar zaman lafiya ta Nobel ta 1952, ya rasu a Lambaréné a 1965. A zamaninsa asibitin cike yake da awaki, barewa, kyanwoyi, da wani kwasakwasa da ya raɗa wa suna Parsifal. Ba ya son a taka tururuwa. Amma shi da kansa ya ba da labarin yadda ya sayi ɗan gaggafa a hannun waɗanda suka kama shi don ya cece shi, sai ya wayi gari da zaɓi biyu, ko ya bar tsuntsun da yunwa ko kullum ya kashe masa ƙananan kifaye. Ya zaɓi kashe kifin, ya kuma ce nauyin yana wuyansa. Wannan gaskiyar tasa ta fi burge ni a kan duk sauran falsafar. Sai dai mutanen Afirka da dama sun riƙe masa wani abu, wato yadda yake kallon baƙar fata a matsayin ƙannen da ba za su taɓa girma ba. Mutum yana iya tausaya wa tururuwa ya raina maƙwabcinsa.

Mu kuwa ba mu jira Schweitzer ba. Kowane ɗan makarantar allo ya ji hadisin da ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Malamai sun hana wasa wuƙa a gaban dabba, sun hana yanka wata a gaban wata. A mayanka da yawa, daga Kano har gaɓar teku, abin da aka riƙe da kyau shi ne alƙibla da bisimilla. Kwanakin da dabbar ta yi kafin wuƙa ta iso wuyanta ba a cika lissafa su cikin halal ba.

A ƙarshen watan Mayun 2025, majalisar ministocin Shugaba Brice Clotaire Oligui Nguema ta sanar da hana shigo da kajin nama daga waje tun daga 1 ga Janairu, 2027. Dalilan da aka bayar su ne samar da aikin yi, ciyar da kai, da tsare kuɗin da ke fita. Hakan na nufin dubban rumfunan kaji da ke Birazil a madadin Gabon sai an gina irinsu a bayan garin Libreville, tare da masara da waken suyan da ƙasar ba ta nomawa da yawa. Masu fawa da masu kiwo daga cikinmu da ke can, da su za a yi wannan gini. Tun ba a kafa ginshiƙi ba su sa baki a kan yawan kajin da za a zuba a rumfa guda, da iska, da ruwan sha, da kuma yadda za a yi yankan.