Wutar Kara a Fagen Dambe

Duk ranar da aka haska damben zamani a gidajen kallo na Keffi, in dai ɗaya daga cikin 'yan damben mai kaucewa ne, sai ka ji matasa suna tsaki: "Wannan ai gudu yake yi, ya tsaya mana a daku!" Ina gane haushinsu, mutum ya biya kuɗinsa ne don ya ga naushi. Amma abin da suke kira gudu shi ne mafi wuyar ilimin dambe, kuma duk matar da ta taɓa tuƙa tuwo da karan dawa ta san sirrinsa.

Kara dai kun san halinsa. Ana ƙyasta masa ashana sai ya tashi bal-bal, harshen wuta har ya lashi bakin tukunya, na kusa ya ja da baya. Kafin ruwa ya tafasa kuwa ya zama toka, sai an yi ta izawa. To haka mai ƙarfin hannu yake idan ya shigo da zafinsa. Kowane naushi da ya saki da iyakar ƙarfinsa kara ne ya cusa a murhu, kuma naushin da ya daki iska ya fi wanda ya sami jiki gajiyarwa, domin kafaɗa da ƙugu ne za su sha wahalar tsayar da hannun. Gwanin tsaro ba shi da wani aiki da ya wuce ya sa mutumin nan ya ƙone daminsa kaf tun tukunya ba ta ɗau zafi ba.

Abin da Muhammad Ali ya yi wa George Foreman ke nan a Kinshasa, ranar 30 ga Oktoba, 1974. Foreman yana da shekara 25, ya yi dambe 40 ba a taɓa cinsa ba, kusan shekara biyu kafin nan ya kayar da Joe Frazier sau shida cikin turmi biyu. Ali mai shekara 32 ya jingina da igiya, ya rufe fuska da damatsa, ya bar shi yana jibga, yana ma zuga shi da magana a kunne, wato yana iza masa wutar da kansa. A turmi na takwas hannun Foreman ya yi nauyi, Ali ya fito daga igiya ya kwantar da shi. Sai dai ba na son yaro mai tasowa ya ɗauki wannan a matsayin darasi. Ali tukunya ce mai kauri ƙwarai, ya zauna a kan wutar ya sha ta. Tukunyar da ba ta kai shi ba, tsagewa za ta yi.

Hanyar da ta fi lafiya ita ce ta Anthony Joshua. A watan Yunin 2019, a New York, ya kayar da Andy Ruiz a turmi na uku, ya ruga ya ƙarasa shi, ya tsoma hannu cikin wutar da ba ta mutu ba. Sau huɗu Joshua ya sha ƙasa, aka tsayar da wasan a turmi na bakwai. Da suka sake haɗuwa a Saudiyya a watan Disamba, sai ya zauna inda ake jin ɗumi ba a ƙonewa. Hannun gaba yana tsokana, ƙafa tana zagaye, in Ruiz ya matso ya rungume shi har alƙali ya raba. Turmi 12 aka yi haka, ya karɓe kambunsa da maki.

Amma fa ba kowane mai zafi ne kara ba. Akwai itacen ƙirya, wanda garwashinsa kan kwana. Frazier irinsa ne: ba ya bin mutum a guje, tare masa hanya yake yi, ya yi ta dukan haƙarƙari har ƙafa ta daina zagaye. A 1971 shi ya kai Ali ƙasa a turmi na 15, ya ci wasan. Mai jiran irin wannan wuta ta mutu, shi zai riga ta ƙarewa. Don haka turmin farko na gwani na gane irin itacen da ke murhu ne.

A namu damben na gargajiya kuwa lissafin ya sauya. Wanda ya bi hanyar Abuja daga Keffi ya leƙa gidan damben Idris Bambarewa a Marabar Nyanya zai ga bambancin da idonsa. Turmi uku ne kacal, hannu ɗaya ɗaure da zare, ɗayan a miƙe yana auna tazara yana tarewa. A al'ada babu masu rubuta maki. Ko dai ka yi kisa, ko a ce turmi uku babu kisa a raba ku. Kaucewa kaɗai ba ta ba mutum nasara a nan, kuma lokacin jiran kara ya cinye gajere ne, ga makaɗi yana ta iza abokin karawarka da kirari.

Shi ya sa nake girmama gwanin tsaro na gargajiya fiye da na talabijin. Dole ya matse aikin turmi 12 cikin uku. Yakan ɗan sauke hannun tarewa kamar ya gafala, ya ba mai zafi ƙofa, shi kuwa ya auko da dukan nauyinsa. Sai gwanin ya zame gefe, ba baya ba, ya bar zaren ya wuce ta kafaɗarsa. A wannan ƙiftawar ido mai zafi yana tsaye a kan ƙafa ɗaya, haɓarsa a buɗe, hannunsa bai dawo gida ba. Nan ake sakin naushin, kuma ba sai ya yi ƙarfi sosai ba, tunda ko gwiwa ko tafin hannu ne ya taɓa ƙasa an yi kisa.