Garin da Sunansa Ya Koma Hauka

Yau za mu leƙa bakin Turawan Ingila, mu ɗauko wata kalma da suke jifan mutum da ita idan sun ga notin kansa ya kwance. Kalmar ita ce doolally. Cikin raha suke faɗinta, amma asalinta ba abin dariya ba ne.

Sunan gari ne: Deolali, kusa da birnin Nashik, a jihar Maharashtra ta ƙasar Indiya. A shekarun 1860 sojojin mulkin mallaka na Birtaniya suka kafa sansani a can. Duk sojan da wa'adinsa ya cika, nan ake sauke shi ya jira jirgin ruwan da zai tashi daga Bombay ya mai da shi gida.

To, a nan gizo ke saƙar. Jiragen ba sa ɗaukar soja sai lokacin sanyi. Wanda ya iso bayan jirgin ƙarshe ya tashi, sai ya share watanni a zaune, ba bindiga a hannu, ba aikin fari balle na baƙi. Ga zafin rana, ga sauro, ga kewar gida. Wasu suka faɗa giya da caca. Sai a wayi gari a ga ƙaton da ya yi shekaru lafiya lau ya tsuguna a ƙofar bariki yana sambatu shi kaɗai. Abokansa suka raɗa wa abin suna doolally tap. A bakin mutanen Indiya, tap zazzaɓi ne, wato zazzaɓin Deolali. Da tafiya ta yi tafiya aka yar da wutsiyar, sauran ya bi sojoji har cikin gidajen Ingila.

Ba wannan ne karon farko ba. Asibitin masu taɓin hankali na Bethlem a Landan, wanda asalinsa ya faro a 1247, shi ya haifi kalmar bedlam, wato hargitsi. Har zuwa 1770 mutane kan shiga can kallon majinyata don nishaɗi.

Mu ma fa ba a bar mu a baya ba. A Legas, in aka ce wa mutum Yaba left, an gama da shi, saboda asibitin ƙwaƙwalwa da aka buɗe a Yaba a 1907. Yarabawa na da Aro ta Abeokuta, ita ma saboda asibitin ƙwaƙwalwa da ke can. A Kano kuwa, yaro ya yi wata 'yar wauta sai ka ji an ce, "Kai, wannan sai Dawanau!" Nan ma saboda asibitin ƙwaƙwalwa ne, alhali Dawanau ɗin nan ita ce mai babbar kasuwar hatsi.

Illar wannan barkwanci ita ce, idan sunan asibiti ya zama zagi, wa zai yarda a gan shi a ƙofarsa? Sai iyali su kulle ɗansu a ɗaki, ciwo na ci, suna gudun bakin duniya. Taɓin hankali ciwo ne kamar hawan jini, likita na duba shi, kuma ana samun sauƙi. In akwai mai fama a gidanku, ku kai shi da wuri, kada ku jira sai ya shiga kasuwa.